Tayoyin Guntu da Gwiwar Inna

Mutum biyu ne kawai ba sa ce masa Guntu: uwarsa, wadda ke kiransa Babba don shi ta fara haifa, da ƙanensa Auta, wanda ke ce masa Yaya yana kallonsa daga sama. Sauran jama'a kuwa, tun daga tashar masu ɗaukar kaya har matarsa in ya ba da baya, Guntu suka sani. Shi dai ya ce abin ba ya damunsa. Amma a kan kujerar motarsa akwai matasai biyu, wani kan wani, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce ciwon baya ne.

Motar akori-kura ce, fara a zamanin da take fara. Ta mahaifinsu ce. Da ita tsohon ya yi ta kai buhunan fulawa gidajen burodi har idonsa ya fara hazo, sannan ya miƙa wa Guntu makulli. Guntu a bayan motar nan ya girma, yana riƙe igiya, yana haɗiyar garin fulawa, yayin da aka wanke Auta aka sa shi makaranta. Kuma kamar wannan bai isa ba, sai tsawon da aka hana wan aka tara wa ƙanen, har da gyara. Tun Auta bai fara gemu ba baƙi ke fara gaishe shi a matsayin babban gida, Guntu na gefe yana gyaran murya.

Sana'arsa dai ya iya ta, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Fulawa, bulo, gadaje da firjin masu tashi daga gidan haya, duk yana ɗauka, kuma ɗaurin da ya yi ba ya kwancewa sai shi ya kwance. Ya san motar fiye da yadda ya san halin matarsa. Ya san ƙofar direba ba ta buɗuwa sai an tokare ta da gwiwa, ya san hon sai an haɗa wayoyi biyu, ya san tarin da take yi da safe na shagwaɓa ne da wanda yake na gaske.

Da tsohon ya rasu, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Guntu ya samu motar, kuma tare da motar ya samu abin da bai taɓa faɗa wa kowa darajarsa ba, wato kujerar Inna. Kujerar gaba ce ta gefen direba, wadda shekara da shekaru na zaman Inna suka lotsa ta daidai jikinta. Inna na zaune a tsohon gidansu a ƙarshen gari, bayan wani kwari da ruwa ke taruwa, kuma duk wata sai an kai ta asibiti saboda gwiwoyinta. Ranar asibiti Guntu ba ya karɓar kaya ko na wane ne. Zai wanke mota, ya shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle, ya je. Motar ta riga ta durƙusa da tsufa, don haka Inna ba hawa take yi ba: dafa ƙofa take, ta juya, ta zauna kamar a bakin gado, sannan ta ja ƙafafunta ciki.

A hanya kuma sai hira. Ƙarar maƙwabta, ƙarar likita, sannan wadda Guntu ke jira, ƙarar Auta.

“Yaron nan ko leƙe. Sai dai waya, ita ma a tsaitsaye.”

“Ayyuka ne, Inna, ki yi masa uzuri,” in ji Guntu, yana rage gudu don zancen ya yi tsawo.

Namiji kenan. Ka ba shi duniya bai ƙoshi ba, amma a kushe ƙanensa a gabansa sai ya yi ƙiba.

Ana haka Auta, wanda ke aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, ya sayo tasa akori-kurar. Baƙa ce mai ƙofa huɗu, doguwa kamar mai ita, da wasu tayoyi masu kaushin haƙora. Guntu ya je ya yi Allah sanya alheri, ya zagaya ta, ya ce irin waɗannan mai kawai suke sha. Ya dawo gida bai ci abinci ba.

Sai wata ranar asibiti a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, kwarin ya cika. Da zuwa Guntu ya ƙetare da ƙyar, da dawowa da Inna a ciki kuwa motar ta shiga tsakiya, ta yi tari na gaske, ta kafe. Ya ba ta wuta, tayoyin baya suka yi ta juyi wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ruwa ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa.

“Babba, tafiya muke ko wanki?” in ji Inna, tana tattare zaninta.

“Yanzu za ta fita, Inna.”

Ba ta fita ba. Da Guntu za a bi, gara su kwana a nan da ya kira wanda ya kamata ya kira. Inna ce ta zaro wayarta daga jaka ta kira da kanta. Ba a jima ba baƙar motar ta iso, ta ratsa ruwan kamar kwalta. Da igiyar Guntu aka ɗaure motar Guntu.

“Yaya, ka saki giya kawai, kada ka taimaka min,” in ji Auta, da ladabinsa mai ban haushi.

Da aka fito tudu, Guntu ya tsuguna a taɓo yana kwance igiya. Bai ga lokacin da Inna ta sauka daga motarsa ba, bai ga yadda ta shiga ta Auta ba. Abin da ke daidai hancinsa tayar motar Auta ce, baƙa, ƙatuwa, ruwa na tsiyaya daga haƙoranta. Daga can sama kuma ya jiyo muryar uwarsa.

“Ka ga mota mai ƙafafu.”

Magana ce irin ta tsofaffi, wadda suke yarwa su manta. Guntu ya tsince ta ya adana.

“Yaya, bari in riƙa kai Inna asibiti har ruwa ya ɗauke,” in ji Auta. Me zai ce? Ya ce to.

Ruwa ya ɗauke, kwari ya bushe ƙayau, har keke na wucewa. Da Guntu ya je da motarsa a watan, da zance ya ƙare. Amma ya riga ya rantse a ransa cewa Inna ba za ta sake ganin motar nan a gajarce ba. Sai ya riƙa zuwa gaishe ta a bayan babur, yana cewa mota na wurin gyara. Auta ya ci gaba da kai ta asibiti.

Wata rana da azahar, lokacin da ya san Auta na barci, ya je gidansa da sunan gaishe da yara. Ya tsuguna jikin baƙar motar, ya fito da guntuwar igiya daga aljihu, ya auna tayar daga ƙasa zuwa sama, ya ƙulla. Ya dubi ƙullin, ya ƙara yatsa uku, ya sake ƙullawa.

“Yaya, wani abu ne ya faɗi?” in ji matar Auta ta taga.

“Makulli,” in ji Guntu, makullin na rataye a wuyansa.

Daga nan sai layin masu taya. Akwai wani dattijo a can da kowa ke kira Mai Taya, wanda shagonsa ya cika da tayoyi na hannu har rufi, shi kansa a kan taya yake zama. Tun zamanin mahaifin Guntu yake sa wa motar nan takalmi. Guntu ya miƙa masa igiyar, ya nuna ƙulli na biyu.

“Mutane lamba suke kawo min, kai ka kawo igiya kamar za ka sayi akuya,” in ji Mai Taya. “Wannan tayar wace mota ce?”

“Tawa za ta zama.”

Dattijon ya tashi, ya zagaya farar motar, ya zura hannu tsakanin taya da madigadi, wato ƙarfen da ya lulluɓe tayar ta sama.

“Rim ɗinka mai inci sha huɗu ne, ramin noti biyar. In ƙafa kake so a laka, in ba ka mai sha biyar da taya mai haƙori. Za ta ɗan ɗaga, ba abin da zai taɓa wani abu, ka wuce kwarinka lafiya. Abin da igiyar nan ke faɗi kuwa na manyan motoci ne.”

“Shi nake so.”

“In ka karya sitiyari zai goga. In ka ɗora kaya zai goga. A hawa za ta yi maka nishi, mai kuma sai ka ce rijiya ka buɗe. Tayar safaya ma ba za ta shiga mazauninta na ƙasa ba. Kai kaya za ka ɗauka ko tsayi?”

“Baba, akwai ko babu?”

Akwai. Mai sayarwa bai taɓa rasa abin da mai taurin kai ke nema ba. Aka tono wasu manyan rim masu rami biyar daga ƙarƙashin tarkace, aka gwada, noti ya shiga. Guntu ya bar tsofaffin rim ɗinsa a cikin cinikin, ya loda tsofaffin tayoyin a baya. Da aka sauke jak, motar ta tsaya a kan sababbin ƙafafunta kamar tsohuwar da ta ari takalmin jikarta mai tsini. A idon Guntu kuwa amarya ce.

A kwanar farko ta fita daga layin, taya ta kama madigadi da wani gurnani da ya sa masu faci suka ɗago kai. Sai wurin fanel bita, aka yanke ƙarfen aka lanƙwashe. Washegari ya ɗauki fulawa. Da nauyi ya zauna, bodi ya sauko kan tayoyin baya, ya isa gidan burodi da ƙaurin roba na biye da shi.

“Guntu, tanderuna ne ya kama ko motarka?” in ji mai burodin.

Sai wurin makanike. Aka ƙara wa sifirin da ke ɗauke da bodi ganyen ƙarfe, aka sa masa ƙarfe a ƙasa, bai isa ba aka sake ƙarawa. Duk gyaran da aka yi, sama motar ke yi. Rani guda Guntu ya kwashe yana yawo tsakanin mai yanka da mai ɗagawa, har aka kai inda shi kansa sai ya kama sitiyari ya yi tsalle yake shiga. A tasha kuwa an samu abin yi.

“Guntu, a kawo tsani ne ko za ka jira a ɗaga ka?”

Masu lodi suka fara kauce masa, don buhun da suke turawa daga kafaɗa yanzu sai sun cilla shi sama. Safaya ta kwanta a baya ta cinye wurin kaya. A hawan da ke gaban injin niƙa, inda da yake wucewa a giya uku yana ɗaga wa mutane hannu, yanzu a giya ɗaya yake rarrafawa, masu kura na wuce shi suna yi masa sannu.

Tsofaffin tayoyin kuwa tun ranar farko ya zube su a tsakar gida.

“Ki yi abin da kika ga dama da su. Ni na gama da ƙasa-ƙasa.”

Matarsa mai kiwon kaji ce, kuma ba a ba ta abu sau biyu. Ta sa aka tsaga su gida biyu-biyu, suka zama mazubin ruwa da na dusa. Da ta fita ta ga motar bayan ɗagawar ƙarshe, ta daɗe tana kallo, hannu a haɓa.

“Ni dai da zani ba zan iya hawa wannan ba.”

“Wa ya gayyace ki?”

“Babu. Na dai faɗa ne.”

Rannan ya hangi baƙar motar a bakin kasuwa, ya lallaɓa ya tsaya daf da ita, ya sauko ya ja da baya ya duba. Tasa ta fi da yatsa uku cif. A daren ya ci abinci har da neman ƙari.

Ya jira har ruwa ya dawo, don me amfanin ƙafafu in babu laka? Ranar asibiti ta farko bayan kwari ya cika, ya yi sammako don ya riga Auta. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya tunkari ruwan, ya ratsa shi ko tari motar ba ta yi ba. Abin takaici, ba wanda ya gani sai agwagi.

Inna ta fito da sandarta da jakarta. Ta tsaya. Ta dubi motar daga ƙasa zuwa sama, sai da ta ɗaga kai.

“Babba, wa ya rataye motar babanku?”

“Ƙafafu na yi mata, Inna. Yanzu ba kwarin da zai tsayar da mu.”

Ya buɗe mata ƙofa. Kujerar da take zama a kai kamar bakin gado yanzu tana daidai ƙirjinta. Ta dafa, ta ɗaga ƙafar dama, ƙafar ta tsaya a hanya, ko rabi ba ta kai ba. Ta gwada hagu, wadda ta fi ciwo, ta cije leɓe ta sauke.

“Bari in ɗaga ki, Inna.”

“Ni na goya ka. Ba za ka sungume ni gaban maƙwabta kamar buhun fulawa ba.”

Ya ruga cikin gida ya ɗauko 'yar kujerar tsuguno. Ƙafafun kujerar suka nutse a taɓo, ta karkace tun kafin a taka ta.

“In na hau a nan, a can asibiti kuma wa zai sauke ni? Likita?”

Suna haka baƙar motar ta iso. Auta ya fito ya gaida Inna, ya gaida Yaya, sannan ya ga tayoyin. Ya zagaya su, ya buga ɗaya da ƙafa.

“Kai, Yaya, waɗannan ai sun fi nawa.”

Maganar da Guntu ya yi rani guda yana jira kenan. Ta zo, ta same shi riƙe da kujerar tsuguno mai taɓo, yana kallon uwarsa tana takawa zuwa ɗaya motar. Ta dafa ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan wani dogon mataki mai faɗi da ke ƙarƙashin ƙofar, ta huta, ta ɗora ɗayar, ta shige.

“Wannan da ma yana nan?” in ji Guntu.

“Da shi ta zo, Yaya.”

Sau nawa ya zagaya motar nan, har tsuguno ya yi a jikinta da igiya, matakin na gogar kafaɗarsa. Taya ya je gani, taya ya gani.

Inna ta sauke gilashi.

“Ni da ruwa ya ɗauke na yi ta zuba ido ka zo da motata, shiru. Na ce to, Babba ya gaji da jigilar tsohuwa, bari in kama bakina. Ashe kana can kana yi min katanga.”

Gilashi ya koma sama. Suka tafi.

Da ya koma gida ya tsaya a tsakar gida yana kallon kaji na shan ruwa a cikin tsofaffin tayoyinsa.

“Kada ma ka kalle su,” in ji matarsa daga bakin murhu. “Kyauta ka ba ni, ni kuma na ba kaji.”

Kwana biyu yana juya abin a ransa. A na uku ya kwance ƙullin guntuwar igiyar nan, ya hau babur ya tafi wurin Inna. Ya tsayar da ita jikin bango, ya tsuguna gabanta.

“Inna, ɗaga ƙafarki iya inda ba ciwo.”

“Takalmi za ka ɗinka min?”

“Ɗaga dai.”

Ta ɗaga. Ya auna daga ƙasa, ya ƙulla. Ƙullin bai kai tsawon tafin hannu da rabi ba. Ya dube shi, ya rage yatsa biyu don ranar da ciwon ya tashi.

Mai walda ya karɓi igiyar, ya gwada ta jikin motar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“In na kafa mataki a nan, zai fi tsohuwar bambarka kusa da ƙasa. Ramin farko zai cire shi. Ka ɗaga mota sama don ka sauko da ita ta gefe?”

A ƙarshe suka yi mai hawa biyu, da ƙarfen tsohon gado, mai naɗewa. In an gama hawa sai a ɗaga shi a ɗaure da igiya jikin bodi. Kyau dai babu. A tasha suka ce yanzu magana ta fito, tsanin da suka daɗe suna ba da shawara ne ya iso, sai dai an kafa shi a ƙofar da ba ta Guntu ba.

Wata ya zagayo. Motoci biyu suka tsaya ƙofar gidan Inna, fara da baƙa. Ta fito ta dubi wannan, ta dubi waccan, ba ta yi sauri ba, don tsohuwar da 'ya'ya biyu ke jira ba ta da dalilin sauri. Guntu ya kwance igiya, matakin ya sauko da ƙara. Ta taɓa shi da sanda, ta taka na farko, ta taka na biyu, ta juya ta zauna. Lotsawar kujerar ta karɓe ta.

“Kai Auta, je ka aikinka. Sanyin motarka shiga gwiwata yake.”

Guntu ya naɗe mataki, ya yi masa ɗaurin da ba ya kwancewa, ya zagaya ya yi tsallensa ya hau kan matasansa. Suka ratsa kwari. Ya gyara zama, ya rage gudu, yana jiran a fara ƙarar Auta.

“Yaron nan akwai hankali,” in ji Inna. “Ka san har layi yake bi min? Rannan likita ya ɗauka shi ne babban.”

Guntu bai ce a yi masa uzuri ba. Suka iso hawan injin niƙa, ya sa giya ɗaya, motar ta kama nishi.

“Ta Auta a nan ko numfashi ba ta ja.”

Ya dubi madubi don kada ya dubi uwarsa. Can baya, a hankali, baƙar motar ce ke biye da su, ko da za a maƙale.

A ƙofar asibiti ya sauko, ya kwance igiya, ya miƙa mata hannu. Ta sauko hawa ɗaya, ta huta, ta sauko na biyu, ta gyara mayafinta. Ita ma ta hangi baƙar motar tana juyawa a bakin titi, ta yi kamar ba ta gani ba.

“Wata mai zuwa ka zo da wuri, Babba. Kada ka bari ya riga ka.”

“Zan zo, Inna.”

Ta shige da sandarta. Guntu ya tsaya da igiya a hannu yana bin baƙar motar da kallo, har ya lura a karon farko cewa ta gefen Inna akwai wani mariƙi a saman ƙofa, wanda tasa ba ta da shi.